Rassan da Aka Ɗaura wa Ƙyalle

'Yarmu ce ta tayar da maganar, wata Lahadi da hantsi. Ta dawo daga asibitin da take aiki a Largo, ko rigar aikin ba ta cire ba, ta zauna a hannun kujera da waya a hannu. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ce 'yar farinmu, shi ya sa har yau uwarta ba ta kama sunanta. Shekara uku ke nan muna zaune a gidanta a Bowie, cikin jihar Maryland ta Amurka, ni da Hajiya, matata.

Ta ce, "Baba, wace rana aka ɗaura aurenku da Inna?"

Na ce, "Juma'a."

"Wace Juma'ar?"

"Bayan an sauko daga masallaci."

Ta kwashe da dariya har wayar ta kusa suɓuce mata. "Kwanan wata nake nufi. Bana fa shekara hamsin ke nan. Zan yi muku biki."

Hajiya tana kicin tana tsince wake, ta ɗaga murya ba tare da ta juyo ba. "Bikin me kuma? An yi shi tun tuni, an cinye tuwon."

"Na zagayowar ranar, Inna. Kowa yana yi wa iyayensa."

"To, Allah ya ba kowa sa'a."

Ranar haihuwar 'yar tamu na rubuta ta da hannuna a bangon wani littafi, domin a lokacin ina ji da kaina a matsayin ɗan boko. Ranar aurena kuwa ban rubuta ba, bai ma zo mini a rai ba. Fasfona da na Hajiya duk ɗaya ga Janairu suka ce an haife mu, kamar tagwaye, kuma mu biyun mun san magatakarda ne ya haife mu a ranar. A ƙauyenmu, can kudancin Katsina, rana ɗaya ake yi wa mutum, ranar suna. A yanka rago, a raba goro, a watse. Daga nan shekarunka sa'anninka ne ke riƙe maka su: wane da wane tare aka yaye ku, tare kuka fara riƙe fartanya. Aure kuwa da kaka ake yinsa, lokacin da rumbu yake da nauyi, kuma ba wanda ke cewa a sake taruwa baɗi a tuna. In shekara ta zagayo, goyo ake dubawa da rumbu. A gidan nan na Bowie na fara ganin ana hura balan-balan ana kunna kyandir don mutum ya ƙara shekara ɗaya, ana rera masa waƙa yana tsaye yana jin kunya. Duk wata sai an yi wa wani, in ba jika ba maƙwabci.

Sai da 'yar ta matsa sannan Hajiya ta fito tana goge hannu da zani. Ta ce an gama yankan gero, dawa ta fitar da kai amma ba ta nuna ba, yakuwar mahaifiyarta da ke gefen gona kuma tana cikin fure. Wannan ta tabbata, domin kwana uku kafin a sa ta a lalle ita aka aika ta tsinko ganyen miya.

"Oktoba ke nan," in ji 'yar. Ta dangwala yatsa a waya. "Asabar ta biyu."

Na ce, "Juma'a fa na ce miki."

"Juma'a mutane suna wajen aiki, Baba."

Haka muka samu ranar aure, shekara hamsin bayan auren.

Yakuwar da Hajiya ta ambata ba a labari ta tsaya ba. Tana nan a bayan gidan, tushe huɗu, jere a gindin shingen katako inda rana ta fi daɗewa. Farar yakuwa ce, ba ja irin ta zoɓon sha ba, mai tsami da kaifi, irin da mahaifiyarta ta gada wajen tata uwar. Yadda irin ya iso ƙasar nan ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne babu inda za a koma a ɗebo wani. Tsohuwar ta rasu, ɓarayin daji sun tayar da ƙauyen, gonar ta koma jeji, 'yan'uwa sun warwatsu cikin garuruwa suna cin abin da suka saya a kasuwa. Ana sayar da irin yakuwa a nan, surukinmu, mijin 'yar, ya taɓa sayo mata. Ta shuka, ta ɗanɗana ganyen, ta ce wannan sai dai a ba zomo.

Matsalar ita ce yakuwa ba ta san ta bar gida ba. Ba ta fure sai yini ya fara gajarta, ko ina aka kai ta. A gida hakan daidai ne: damina ta ɗauke, ta yi fure, ta yi 'ya'ya, ta bushe a tsanake. A Maryland kuwa yini na fara gajarta sanyi na biye da shi, kuma akwai wata safiya, ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, da za ka tashi ka tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa, duk wani ganye mai laushi ya yi baƙi kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Shekarar farko safiyar ta zo kafin yakuwar ta yi fure. Shekara ta biyu ta same ta da fure, ba ƙwaya ko ɗaya. A ta uku Hajiya ta zazzage ƙullin irin gaba ɗaya, ta fara reno tun watan Maris a kofunan roba a bakin taga. Huɗu suka rayu. In waɗannan ba su ba da iri ba, shi ke nan, an rufe.

Ta faɗa mini haka, ba sau ɗaya ba. Nakan ce Allah ya sa albarka, ina neman hulata.

Ni ban iya zama ba, kuma Bowie gari ne na masu mota da masu zama. Aikin tafinta na yi tsawon rayuwata, tare da masu aikin agaji da duk wanda ke neman Hausa da Faransanci da Larabci a baki ɗaya. Yamai, Akra, Khartum, Jidda, wasu shekaru a Faransa. A cikin hamsin ɗin da ake shirin yi wa biki, in aka tara kwanakin da na yi a gida, ban yi zaton sun kai rabi ba. Hajiya ce ta zauna. Ita ta yi noma, ta yi kiwo, ta yi jinyar iyayena, ta karɓi gaisuwar mutuwarsu. Ni ina aiko wasiƙa. Yanzu da tsufa ya tara mu a ɗaki ɗaya, ita ta samu ƙasar da za ta durƙusa a kai, ni kuma na samu titi. Kullum bayan karin kumallo nakan fita in bi layin gidaje masu kama da juna, kowanne da ciyawar da aka aske, ba kaza, ba mai talla, ba wanda zai ce maka ina zuwa. Wata rana in roƙi suruki ya sauke ni a tashar jirgin ƙasa ta Largo, in tafi har Alexandria wajen wasu tsofaffi 'yan Kumasi, mu sha shayi mu gyara duniya, in dawo kamar ban je ko'ina ba.

Da bikin ya matso, 'yar ta tare ni a gareji ta rage murya.

"Baba, akwai aikinka fa. Bayan an yanka kek za ka miƙa wa Inna fulawa a gaban mutane. Na yi oda, jajaye. Kai dai miƙawa kawai."

"In ce me?"

"Ka ce ka gode. Ka ce kana sonta."

"A gaban surukina?"

"To ka ce ka gode."

Na sha ganin ana ba da fure. A Faransa na ga dattijo cikin kwat ya rungumo shi a jirgin ƙasa yana kare shi da gwiwar hannu kamar jariri. A Khartum turare da lalle na fi gani. A Akra a wajen jana'iza na fi cin karo da shi, na roba, mai walƙiya. Nan Amurka kuwa har a kantin cefane ake jera shi cikin bokitai kusa da ƙofa, don mijin da ya manta ya tuna. A ƙauyenmu fure ba abin kallo ba ne. Manomi in ya ga wakensa ya yi fure, lissafin kwanaki yake yi. Wanda ya tsinki furen kabewa don wasa, ranar zai san yana da kunne. Abin da miji ke kawo wa matarsa daga gona shi ne abin da furen ya zama, ɗanyar gyaɗa, goyon masara, sabon wake.

Duk wannan na sani. Sai dai na ajiye fartanya ina ɗan shekara goma sha biyu, sanin ya zauna a kaina, bai sauko hannuna ba.

Jajayen furannin nan da aka yi oda suka hana ni sakat. Kwana da kwanaki ina juya abin a hanya. Wani ya shuka, wani ya yanka, 'yata ta saya, ni kuma in miƙa. Duk cikin mutanen nan ni kaɗai ne ban yi komai ba, kuma haka yawancin auren ya tafi. Ina so ko sau ɗaya in kawo abin da ni na yi tunaninsa. Sai maganar Hajiya ta faɗo mini, cewa lokacin aurenmu yakuwa tana cikin fure. Na tsaya cak a bakin titi. Ashe furen aurenmu yana can a bayan gida, ba wanda ya lura sai ni. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na gaida wani mai kare da ban sani ba.

Ranar Asabar wajen ƙarfe tara, mata suna kicin, ƙamshin suya ya cika gidan, na ɗauki almakashin da suruki ke aske shinge da shi na zaga baya. Yakuwar ta kai mini kafaɗa. Furen ya buɗe da safiyar, launin madara da ɗan rawaya a ciki, siriri kamar ɓawon albasa. Ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai ranar. Amma ba shi da dogon wuya irin na kanti. Manne yake da reshe, a hammatar ganye. In kana son damin da za ka riƙe a hannu, sai ka yanko reshen gaba ɗaya.

Wasu rassan an ɗaura musu ƙyalle, tsagin tsohon ɗankwali shuɗi. Su suka fi kauri, su suka fi fure, a ƙasan kowanne kuma ga wasu 'yan ƙululai kore masu tsini. Na ce lalle waɗannan Hajiya ta fi so, har ta yi musu ado. Su na zaɓa. Tara na yanka. Na kai almakashi kan na goma, can lungu a tushen ƙarshe, sai na tuna a Faransa an taɓa ce mini ba a ba da furen da adadinsa ke rabuwa biyu daidai. Na bar shi. Na ƙulle damina, na tsoma a bokitin ruwa a bayan ƙofar gareji, na rufa masa jarida.

Baƙi suka fara zuwa bayan azahar. Yawancinsu abokan aikin 'yar ne, mutanen Kaduna da Filato, da mazajensu, da 'ya'yan da ake yi wa Hausa suna amsawa da Turanci. Aka durƙusa aka gaishe mu, aka zaunar da mu a kujeru biyu da aka lulluɓe da farin yadi kamar ango da amarya. Hajiya ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Wani dattijo, fasto ne a cocin wasu daga cikin baƙin, ya yi mana addu'a, ɗaya daga cikin 'yan Kumasin nawa ya yi tasa. Aka kawo kek mai lamba hamsin a kai, aka haɗa hannuwanmu a kan wuƙa. Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, sake ni, na iya yanka."

'Yar ta yi mini alama da ido wajen labulen da ta ɓoye jajayen a bayansa. Na ɗaga mata hannu, na wuce gareji.

Na ɗaga jaridar. Furen yakuwa na yini ɗaya ne, ko a jikin uwarsa. Da safe ya buɗe, kafin la'asar ya naɗe. Nawa duk sun naɗe, sun yi yaushi, suna rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma. Amma falo ya yi tsit ana jirana. Na girgiza ruwan, na shiga da damina.

Wata 'yar Filato, babbar nas, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ita ta fara.

"Kai, Baba! Miyar ce ba ta isa ba?"

Falo ya ɗauka. Wani ya ce a kawo daddawa. Wani ya ce, "Mama, shekara hamsin, ga cefane ya iso!" Na tsaya gaban Hajiya na yi jawabina. Na shirya shi da kyau a hanya, amma guntu-guntu ya fito: ita ta ce lokacin aurenmu yakuwa tana fure, to ga furen, na gode. Sai dariyar ta juya. Mata suka ce ayya, aka yi tafi, wata ta rangaɗa guɗa. 'Yar tana share ido da bayan hannu. Wayoyi duk sun ɗago.

Hajiya ta karɓa da hannu biyu. Ba furen ta duba ba. Ƙyallayen ta bi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Ta kai ƙarshe ta sake farowa. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskar, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

"Malam, duka?"

"Tara ne kawai."

"Goma na ɗaura."

Ba wanda ya ji sai ni. Ta ɗora damin a cinya, ta gyara mayafi, aka yi ta ɗaukar hoto. A hotunan tana murmushi. Ta ci kek, ta sa wa kowa albarka, ta raka 'yar Filaton har mota.

Da motar ƙarshe ta tashi, rana ta yi sanyi, ta zaga bayan gida da kayan bikin a jikinta. Na bi ta. Ta tsaya gaban tushen farko ta shafa inda almakashi ya bi.

"Ka san abin da ƙyalle yake nufi a gona?"

"Na zaci ado ne."

"Babanka bai taɓa ɗaure zangarniyar gero ya ce kada a taɓa ba?"

Ya taɓa. Sai a lokacin na gan shi tsaye cikin gero, yana zaɓen waɗanda suka fi cika yana ɗaure su da kaba. Na iri ke nan. Ko yunwa ta kai ina, ba a sussuka su.

Ta ce waɗannan rassan su ne suka fara fure, tun ƙarshen Satumba. Ƙululan da ke ƙasansu 'ya'ya ne, gurguzun yana ciki, ya yi mako biyu, yana neman kamar wata guda nan gaba kafin ya ƙosa. Duk furen da zai buɗe daga yau wahalar banza zai yi, sanyi zai riga shi. A hankali ta faɗa, kamar mai yi wa baƙo kwatancen hanya.

Na ce, "In aka bar su cikin ruwa fa? Ba za su ƙarasa ba?"

"Da wane gindin?"

'Yar ta fito da jajayen furanninta a hannu, ta dube mu, ta dubi shingen, ta koma ciki da su.

Reshe ɗaya ya rage mai ƙyalle, da 'ya'ya bakwai a jikinsa. Hajiya ta ƙirga su sau biyu, ta shiga ta yi alwala.

Washegari ta tsige ganyen damina tas ta yi miya da shi, don ba ta iya zubar da abinci ba. Suruki ya yi ƙari har sau biyu. Ni na kasa ci.

Daga ranar na daina zuwa Alexandria. Ba wanda ya hana ni. Na sa 'yar ta nuna mini inda ake duba yanayi a waya, na koma dubawa sau goma a yini. Ma'aunin zafin ƙasar nan ma daban yake da na duk inda na zauna, sai na juya lambar a kaina kafin in san ko in tsorata. In fita in dubi sama, in dawo in dubi waya, in zaga baya in ƙirga bakwai. Hajiya tana girki, tana amsa gaisuwa, tana cewa Malam ga ruwa, amma ba ta ɗora ko kalma ɗaya a kai. Da faɗa ta yi da na fi samun sauƙi.

Kwana goma sha biyu bayan bikin waya ta ce jibi da asuba raɓa za ta daskare. Suruki ya ce a lulluɓe su da tsofaffin barguna, haka mutanen nan ke yi. Ni na fara bayanin wasu ɗakunan gilashi da na gani a Faransa, da yadda za a iya kwaikwayonsu da leda da katako. Hajiya ta bari na kai ƙarshe.

"Malam, kai dai kawo bahon wanki."

Tushen ƙarshe kaɗai aka tono. Suruki ya yi haƙa mai faɗi da shebur, Hajiya tana durƙushe tana bin saiwar da yatsa tana cewa a hankali, ƙara nisa, a hankali. Duk da haka sai da muka ji ƙas, babbar saiwar ta karye daga can ƙasa. Muka ɗaga ta da ƙasarta mu uku, muka sa a baho, muka kai gareji. Sauran ukun aka rufa musu barguna. Sun tsallake safiyar farko, ta biyu ta kashe su.

Gareji ba sanyin da zai kashe ta, amma ba rana, kuma sai da rana 'ya'yan za su ƙosa. Saboda haka kullum in hantsi ya yi ɗumi sai a fito da ita bakin gareji, kafin la'asar ta yi sanyi a mayar. 'Yar da mijinta suna wajen aiki. Hajiya gwiwarta ba ta ɗaukar nauyi. Ba a ce ni ba, amma ba kowa sai ni. Kwana biyu ina jan bahon a kan kwali har bayana ya riƙe, sannan na gano wani katako mai taya da suruki ke kwanciya a kai in zai shiga ƙarƙashin mota. Na ɗora ta a kai. Ƙarfe goma in turo ta, ƙarfe huɗu in tura ta. In girgije ya taso a tsakani in rasa yadda zan yi. In iska ta kaɗa in tsaya ta gefen iskar in tare. Tafiyar tawa ta safe ta koma zagayen baho. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, baƙar fata ce haifaffiyar nan, ta tsaya da motarta ta tambaye ni wace irin bishiya ce nake fita da ita shan iska. Na ce ta uwar matata ce. Ta gyaɗa kai kamar amsar ta isa, ta wuce.

Yakuwar ba ta ji daɗin tashin ba. Ganyen ya yi rawaya daga ƙasa yana zuba, kullum sai na share. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya faɗi a mako na farko. Na tsince shi na sa a aljihu, na yi yini guda da shi kafin na iya nuna mata. Ta ce ta gani tun safe. Na biyu ya bi shi bayan kwana huɗu. Saura biyar.

Wata rana da azahar ta fito bakin gareji da kofin shayi ta miƙa mini. Ta latsa ɗaya daga cikin 'ya'yan da farce, ta saki.

"Kana juya ta kuwa? Gefe ɗaya ke shan rana."

"Ina juyawa."

"Yawo dai ka iya. To ga wadda za ka yi da ita."

Wannan ce doguwar maganar da ta fara yi mini tun ranar bikin. Na shanye shayin da zafinsa.

Zuwa tsakiyar Nuwamba ba ganye ko ɗaya a jikinta, sai kara da 'ya'ya biyar da ƙyallen shuɗi. Rana ma ta daina ɗumi. Hajiya ta ɗauko wuƙar kicin ta yanke reshen da hannunta, ta zura kansa cikin jakar takarda, ta rataye shi kai ƙasa a ɗakin da tukunyar ɗumama gida take. Ta ce abin da zai yi ya riga ya yi, saura bushewa. Na mayar wa suruki katakonsa. Na wayi gari ba abin turawa, na rasa inda zan sa kaina. Sau uku a yini nakan sauka in tsaya gaban jakar, in dawo.

Cikin Disamba ta sauko da ita. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, ta zauna a ƙasa a bakin taga, ta fasa ƙwanson farko da babban yatsa. Ƙwayoyin farare ne, shafaffu, tana latsawa suna murƙushewa. Na biyu haka. Na uku haka. Na tashi na je kicin na buɗe firji na rufe. Da na dawo ta fasa sauran biyun, tana ware wasu da farce zuwa gefe ɗaya. Waɗannan masu duhu ne, ruwan ƙasa, masu tauri, in sun faɗa kan tiren ana jin ƙararsu.

"Nawa?"

"Ashirin da uku. Ban ce duka suna da rai ba."

Na ce a Yamai na ga malaman gona suna naɗe iri a jiƙaƙƙen tsumma su ga ko zai tsiro. Mu gwada biyar, mu huta da zullumi.

"Wanda ya tsiro a tsumma cikin wannan sanyin, a ina za ka shuka shi?"

Ta ƙulle su a sabon ƙyalle, ta ajiye inda ban sani ba, kuma ban nema ba.

Wata uku muka yi a haka. Ƙanƙara ta zuba ta narke, ta sake zuba. Na koma zuwa Alexandria, amma ina zaune ana hira hankalina yana kan ƙullin nan. 'Yan Kumasin suna tsokanata, ko an sake yin odar cefane. Cikin Maris Hajiya ta jera kofuna goma sha biyu a bakin tagar falo, ƙwaya ɗaya a kowanne. Sha ɗaya ta riƙe. Kwana biyar ba komai. Shida, bakwai, ƙasa baƙa a kofi, shiru. In fita in kai ƙarshen layi in juyo. Na daina tambaya, ita ma ta daina duban inda nake in na shigo.

Rana ta tara, ina ɗaure takalmi a bakin ƙofa, na ji muryarta daga falo.

"Malam, zo ka gani. Hannunka a baya."

Na sa hannuwana a baya na sunkuya. A kofi na huɗu daga hagu ƙasa ta tsage, wani ɗan farin wuya a lanƙwashe ya turo, kansa har yanzu yana binne.

Na ce, "Ɗaya ne."

"Ɗaya ne yau. Matsa, kana tare mata rana."